Zama shida na saɓar fuska a asibitin fata: tabon da ya tafi da wanda ya ƙi tafiya

Ranar da na fara zuwa asibitin, da niyyar a yi mini saɓar fuska nan take na je. Na riga na kalli bidiyo ba adadi na matan da ake shafa wa ruwan asid a fuska, bayan mako guda tsohuwar fata ta saɓule, sabuwa ta fito sumul. Na ɗauka haka abin yake, a biya, a shafa, a koma gida a jira. Likitar ta duba ni kusan minti 20, sannan ta ce ba za ta kusanto fuskata da asid ba sai bayan mako 6 aƙalla. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yau wata 9 ke nan, kuma wannan ƙin da ta yi shi ne abu na farko da nake yaba wa wurin a kansa.

Tun ina shekara 17 nake fama da ƙurajen fuska, yanzu ina da 29. Ƙurajen kansu ba su taɓa damuna kamar abin da suke bari ba. Ƙurji ya fito ya yi kwana biyar ya baje, amma baƙin tabonsa ya zauna wata takwas, kafin ya dushe wasu uku sun fito a gefensa. Kumatuna biyu da layin haɓata duk sun yi ɗigo-ɗigo. Ina da ɗabi'ar matsa ƙurji kuma, da zarar na ga ya yi farin kai hannuna ba ya haƙura.

Lokacin da na kira don a ba ni rana, matar da ta ɗauki wayar ta ce in zo da duk abin da nake shafawa a fuska, kada in bar ko ɗaya. Na tattara su a jaka, guda 9. Likitar ta jera su a kan teburinta tana ɗaga kowanne tana karanta ƙananan rubutun da ke bayansa. Da ta zo kan wani ɗan kirim da wata ƙawata ta ba ni don goge tabo, sai ta ajiye shi gefe guda ta dube ni.

"Malama, tun yaushe kike shafa wannan?"

Na ce ya kai wata bakwai.

"Kin san akwai kulobetasol a ciki?"

Ban sani ba, ban ma taɓa jin sunan ba. Ta ce sitiroyid ne, daga cikin mafiya ƙarfi, ana ba masu wasu cututtukan fata su shafa na ɗan gajeren lokaci, ba kuma a fuska ba. Yana sa fata ta yi haske da wuri, shi ya sa ake cusa shi a mayukan bilicin, amma yana sirantar da fatar, yana fito da ƙananan jijiyoyin jini, kuma shi kansa yana haifar da ƙuraje. Ashe abin da nake shafawa don tabo shi ke ƙara mini ƙurajen da ke barin tabon. Ta ce fatar da sitiroyid ya sirantar, in aka zuba mata asid, ƙonewa za ta yi.

Daga nan ta juyo da fitila ta haska fuskata daga gefe, ta sa yatsu biyu tana miƙar da fatar kumatuna. Ta ba ni madubi ta nuna mini cewa abin da nake kira tabo iri uku ne. Akwai ɗigon da yake a shafe, launin ruwan ƙasa, wanda launinsa yana saman fata. Akwai guda biyu a haɓata masu launin toka-toka da ɗan shuɗi-shuɗi, ta ce waɗannan launin ya nutse zuwa ƙasan fata, suna iya ɗaukar shekaru. Sai kuma 'yan ramuka a kuncin dama, waɗanda ba matsalar launi ba ce sam, naman wurin ne ya lotsa. Ta faɗa mini ƙarara cewa saɓa mai sauƙi za ta taimaki na farkon, da ƙyar ta motsa na biyun, na ukun kuwa kada in sa rai. Ban ji daɗin maganar ba, amma duk abin da ta faɗa a ranar haka ya kasance.

Bayanin da ta yi mini game da asalin tabon shi ya canza yadda nake kallon komai. Ƙurji, duk ƙanƙantarsa, kumburi ne. Idan fata ta kumbura, ƙwayoyin da ke samar da launin fata, wato melanin, sai su zabura su zubo launin fiye da kima a wurin. Ƙurjin ya warke, launin ya zauna. Mu masu duhun fata ƙwayoyin namu sun fi saurin zabura. Akwai ma'aunin da wani likitan fata a Amurka, Thomas Fitzpatrick, ya fito da shi a 1975, wanda ya kasa fatar mutane mataki 6 gwargwadon yadda take yi da rana, ni ta ajiye ni a mataki na 5. Abin da wannan ke nufi shi ne duk abin da ya fusata fatata, ko ƙurji ne, ko farce, ko goge-goge da ƙarfi, ko maganin kansa, yana iya barin sabon tabo. Saɓar fuska kuwa rauni ne da ake yi wa fata da gangan, a aune. In an wuce awon, tabon da aka zo gogewa a ninka shi.

Mako shidan nan na shiri su suka fi wuya. Na daina kirim ɗin, fuskata ta yi bore. Ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi, ƙananan ƙuraje suka feso a goshi kamar an watsa su. Likitar ta riga ta gargaɗe ni cewa haka fata ke yi idan aka janye mata sitiroyid, amma ji daban, gani a madubi daban. A mako na biyu sai da na ɗauko kirim ɗin na riƙe a hannu, na daɗe ina kallonsa, sannan na jefa shi a kwandon shara don kada in sake samun damar yin shawara.

Abin da ta rubuta mini ba shi da yawa. Sabulun ruwa mara ƙamshi, man da ke riƙe laimar fata, da adafalin, maganin ƙuraje na shafawa, mai ƙarfin kashi 0.1 cikin 100 da daddare, ɗan ɗigo kaɗan ga fuska gaba ɗaya, a fara da sau biyu a mako kafin a ƙara. Da safe kuma asid ɗin azelayik mai kashi 20, wanda ke yaƙar ƙuraje yana kuma rage samar da launin. Makonnin farko yana ɗan yi mini tsikari kamar na minti goma, daga baya na daina ji. Sai man kariyar rana, wanda a kansa ta fi tsayawa.

Ni da can ban yarda mai duhun fata yana buƙatar man kariyar rana ba, tunda ba ma ƙonewa kamar farare. Ta ce ba maganar ƙonewa ake ba. Tabon nan launi ne, rana kuma ita ke umartar fata ta ƙara launi, don haka duk fitar da na yi fuska a buɗe ina mayar da aikin dare baya. Ta ce in nemi wanda ma'aunin ƙarfin kariyarsa, wato SPF, ya kai 30 ko sama, in kuma da hali mai ɗan launi kamar hoda, domin irin wannan yana ɗauke da sinadarin ayon oksaid da ke tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana duhunta tabo a fata irin tawa. Awon kuma tsawon yatsu biyu ne ga fuska da wuya, a sake shafawa bayan awa 2 in ana waje. Sai da na gwada kala uku kafin na samu wanda ba ya mayar da fuskata fari fat kamar an barbaɗa mata toka. Wannan nema shi kaɗai ya ci mini wata guda, kuma asibitin bai taimaka mini a nan ba, domin wanda suke sayarwa yana cikin masu barin farin.

Mako biyu kafin zaman farko ta ƙara mini haidrokwinon mai kashi 4, a ɗiga a kan tabon kaɗai, ba fuska duka ba. Na tsorata da jin sunan, tunda na san shi a mayukan bilicin. Ta ce maganin yana aiki, yana toshe sinadarin da fata ke haɗa melanin da shi, matsalarsa ita ce daɗewa ana shafawa. Wanda ya shekara da shekaru a kansa yana iya samun wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ake kira okoronosis, wanda ya fi tabon ƙurji wuyar magani nesa ba kusa ba. Shi ya sa Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001, Amurka ma daga 2020 sai da takardar likita. Ta rubuta ranar da zan daina a jikin kwalin da hannunta, wata 3 cif.

Asid ɗin salisilik ta zaɓa mini, ba gilaikolik da na fi ji ana ambata ba. Dalilinta shi ne salisilik yana narkewa a maiƙo, don haka yana shiga ramukan gashi inda ƙurji ke farawa, ga shi yana kwantar da kumburi, ni kuwa fatata mai maiƙo ce kuma ƙurajen ba su gama tsayawa ba. Gilaikolik ƙwayarsa ƙarama ce, yana nutsewa da sauri, kuma sai an kashe ƙarfinsa da wani ruwa a kan lokaci, in aka yi jinkiri ya ci gaba da ci. Ta ambaci binciken wata likitar fata a Amurka, Pearl Grimes, na 1999, wadda ta gwada salisilik mai kashi 20 da 30 a kan mutum 25 masu duhun fata bayan ta shirya fatarsu da haidrokwinon, ta ce tsarin da za ta bi da ni kusan shi ne. Ta tambaye ni ko asfirin yana ba ni matsala, tunda danginsa ne, ko ina da ciki, ko na sha ƙwayar maganin ƙuraje ta aisotiretinoyin a watannin baya, ko ƙurajen zazzaɓi suna fito mini a leɓe. Sannan ta ɗiga kaɗan a bayan kunnena ta ce in dawo bayan mako guda a gani.

Zaman farko, duka-duka bai wuce minti 25 ba. Na kwanta, aka ɗaure mini gashi baya, nas ɗin ta wanke fuskar, ta goge ta da wani ruwa mai warin sifirit don cire maiƙo. Ta ɗauki ɗan tsinke mai auduga ta lakato basilin ta shafa a kusurwar idanuna, gefen hancina da kusurwar bakina, wuraren da fata ta fi laushi kuma ruwa ke taruwa. Likitar ta miƙo mini ƙaramar fanka ta hannu ta ce in riƙe. Ta fara daga goshi, ta gangaro kumatu, ta ƙare a haɓa. Daƙiƙa goma na farko sanyi na ji. Daga nan zafi ya taso, irin na ƙananan allurai masu yawa a lokaci guda, idanuna suka kawo ruwa duk da suna rufe. Tana ta tambayata, "Daga ɗaya zuwa goma, nawa kike ji?" Na ce shida. Wajen minti biyu zafin ya fara sauka da kansa. Da aka ba ni madubi na ga fuskata ta yi fari-fari kamar an busa mata gari, ta ce ba ƙuna ba ce, asid ɗin ne ya bushe ya bar burbushinsa a sama. Aka wanke da ruwan sanyi, aka shafa mai da man kariyar rana, na tashi na tafi.

Wanda ke jiran ya ga fata tana saɓulewa falle-falle kamar a bidiyo, ba zai gani ba. Kwana biyu fuskar ta ɗaure tana ƙyalli, a rana ta uku ta fara ɗan ɓarewa a gefen baki da hanci, siriri kamar amosanin kai, zuwa rana ta shida ta gama. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne tabon ya ƙara duhu a kwanakin farko. Na kira asibitin, aka ce haka yake yi kafin saman ya zube, kada in ɓare da hannu. Wannan bayani ya kamata a ce sun ba ni shi a rubuce tun kafin in fita. Ba su ba ni ko takarda ɗaya ba, komai da baki aka faɗa mini ina kwance fuskata tana zafi, rabinsa kuma ban riƙe ba.

Zama na biyu ya wuce lafiya. A na uku aka samu matsala, kuma ita ce babban ƙorafina a kan wurin.

Ƙa'idar ita ce in dakatar da adafalin kwana 5 kafin kowane zama. Sai suka kira suka ce an samu gurbi, ko zan iya zuwa jibi maimakon mako mai zuwa. Na amsa, ban tuna cewa daren jiya na shafa adafalin ba. Wadda ta kira ba ta tambaya ba. Da na je, likitar tana wani ɗaki da wani mara lafiya, wata nas da ban taɓa gani ba ita ta karɓe ni. Ita ma ba ta tambaya ba. A ranar ne kuma aka tsara ɗaga ƙarfin daga kashi 20 zuwa 30. Na lura ba ta sa basilin a kusurwar bakina ba, na yi shiru, ina ganin ta fi ni sanin aikinta. Zafin ranar ya kai tara. Na faɗa mata, ta ce, "Yi haƙuri 'yar'uwa, saura kaɗan." Washegari gefen bakina na hagu ya yi ɓawo mai faɗin farcen babban yatsa, da ɓawon ya faɗi sai ga sabon tabo, ya fi duk waɗanda na zo da su duhu.

Na yi kuka a ranar, ba zan ɓoye ba. Ina da nawa laifin, na san ƙa'idar kuma na ga an tsallake basilin ban yi magana ba. Amma wurin da ke zuba wa mutane asid a fuska bai kamata ya dogara da tunawar mara lafiya ba. Tambaya ɗaya ce, ba ta cin daƙiƙa biyar. Da na koma, likitar ba ta kare ma'aikaciyarta ba, ba ta kuma ɗora mini ba. Ta duba wurin ta ce, "Wannan kuskurenmu ne, Malama, ki yi haƙuri." Ta dakatar da saɓar har mako 6, ta mayar da ni kashi 20, sauran zama ukun kuma ita da kanta ta yi. A zama na huɗu na tarar sun fito da wata 'yar takarda da ake cikewa kafin a kwanta, tambayar farko a kai ita ce yaushe rabonka da shafa adafalin ko ɗan'uwansa tiretinoyin. Sabon tabon ya ɗauki wata 4 kafin ya dushe.

Wani abin da ban so ba shi ne teburin karɓar baƙi. Duk fitowa sai an nuna mini wani sabon kwalba, yau na bitamin C, gobe na nayasinamaid, ana cewa zai hanzarta aikin. Ba wai ba su da amfani ba ne, nayasinamaid yana rage isar launi zuwa saman fata kuma ba ya da zafi. Amma da na tambayi likitar sai ta ce abin da nake shafawa ya isa, ƙari a wannan lokacin fusata fatar kawai zai yi. Bakin likita daban, bakin masu tebur daban, a gini ɗaya. Jira ma akwai shi, sau biyu na haura awa guda a zaune bayan lokacin da aka ba ni.

Tun ranar farko nake ɗaukar hoton fuskata duk ranar 1 ga wata, a gaban taga ɗaya, da safe, ba hoda. Ba don hotunan ba da na ce ba abin da ya canza, domin mai kallon madubi kullum ba ya ganin tafiyar abu a hankali. Idan na jera na farko da na yanzu, ɗigon ruwan ƙasan da ke kumatuna yawancinsu sun tafi, sauran sai an matso kusa. Abin da hotunan suka nuna mini kuma, wanda ban zata ba, shi ne sauyi mafi girma ya fara ne tun kafin a shafa mini asid ko sau ɗaya, a wata na biyu, lokacin da sababbin ƙuraje suka ragu kuma na riƙe man kariyar rana da gaske. Saɓar ta ƙara sauri, ta kuma gyara santsin fatar, wannan na gani da idona musamman bayan zama na biyu da na biyar. Amma in aka ce in raba yabon, ba zan ba ta fiye da kashi ɗaya cikin uku ba.

Yayata ta ga canjin ta ce ita ma za ta je, sai ya kasance tana da juna biyu. Likitar ta ce mata adafalin da tiretinoyin da haidrokwinon duk su jira sai ta haihu, ta tsaya kan azelayik da man kariyar rana. Wata biyar ke nan tana kai, nata tabon ma yana dushewa, ba tare da an yi mata saɓa ko ɗaya ba.

Akwai masu sayo asid mai ƙarfi ta intanet, irin wanda ake kira TCA, su shafa da kansu a gida. Bayan abin da kashi 30 na salisilik ya yi wa gefen bakina a cikin asibiti, a hannun ma'aikaciyar jinya, ina roƙon duk mai fata irin tawa kada ta gwada. TCA ya fi shi nutsewa, kuma babu mai tsayar da shi in ya wuce inda ake so.

Ramukan kuncina suna nan yadda suke, kamar yadda aka faɗa mini. Ta ce su sai dai a bi su da na'urar ƙananan allurai da ke sa fata ta sake gina kanta daga ƙasa, kuma ba za a fara ba sai ƙuraje sun yi wata da watanni ba su fito ba. Tabo biyun nan masu toka-toka na haɓa sun ɗan yi haske kaɗan, amma suna nan. Na tambaye ta maganar leza, na'urar da ke gyara fata da haske mai ƙarfi. Ta ce akwai irin da ya fi dacewa da duhun fata, Nd:YAG mai tsawon zangon haske nanomita 1064, domin yana wuce saman fata ba tare da launin saman ya zuƙe zafinsa sosai ba, amma ko shi yana iya barin tabo, kuma ba su da na'urar a wurinsu. Ta ce in ba su wata 6 nan gaba a kan azelayik da adafalin, in ba su motsa ba za ta tura ni inda ake yi. Na ga girmanta da ba ta ce in ƙara wasu zama shida a wurinta ba.

Zan koma wurin, amma da sharaɗin likitar ce za ta riƙe audugar, kuma ba zan sake yarda a matso mini da rana ta waya ba. Haidrokwinon na daina shi a ranar da ta rubuta a kwali. Ganinmu na gaba wata uku ne daga yanzu, zan tafi mata da hotuna goma sha biyu.